Abu Ɗaya da Aka Faɗa Sau Biyu

Sau biyu na zauna jarrabawar kammala sakandare, kuma sau biyu lissafi ya kayar da ni: a shekarar 2001 na fito da F9, a 2002 na ɗan matsa zuwa E8, wanda shi ma ba ya kai mutum ko bakin ƙofar babbar makaranta. Mai ba da wannan labari yau malamin lissafi ne a wata sakandare a cikin birnin Katsina, ya kuma haura shekara goma sha biyar yana riƙe da alli, shi ya sa duk lokacin da na gaya wa ɗalibaina irin sakamakon da na fara samu sai su ɗauka dabara ce nake yi musu don hankalinsu ya kwanta. Takardun suna nan a cikin akwatin Inna har gobe.

An haife ni a cikin ganuwa, ta wajen Ƙofar Guga. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne. Yana bin kasuwannin Mashi da Mai'adua da Charanci yana saro gero da dawa da wake, ya kawo gari ya sayar, wani a buhu, wani a tiya. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin an ci shi da ko sisi a wajen lissafi ba. Ni ne ɗansa na fari, ni aka sa a boko da burin wata rana in riƙe masa littafin shago, sai ga shi ni ne wanda lissafi ya gagara.

Ya kamata in fayyace irin faɗuwar tawa, domin ba kowane lissafi ne yake ɗaure mini kai ba. Idan aka rubuta mini 3x + 5 = 20 a kan allo, ba na ɓata minti guda: in kwashe 5 daga kowane gefe, in raba 15 gida uku, in ce x biyar ne. Irin wannan jimla mai alamar daidai a tsakiya, wadda muke kira ikweshan a aji, ni kuma yanzu na fi son in ce mata jimlar daidaito, muddin an ɗora mini ita a shirye ina iya warware ta. Wahalata tana farawa ne idan aka kawo tambayar a cikin labari, a ce ga uba ga ɗa, ko ga ɗan kasuwa ga kayansa, sannan a bar ni in gina jimlar da hannuna. A nan nake tsayawa cik, alhali irin waɗannan tambayoyi ba sa rasa fitowa a jarrabawa, kuma makinsu ba kaɗan ba ne.

A ajin farko na babbar sakandare an ba mu wani jeri da muka kwafa a bayan littafi, kalmomin Turanci a hagu, alamomin lissafi a dama. Idan ka ga wannan kalma tarawa ake nufi, idan ka ga waccan ɗebewa ce, wata ninkawa, wata rabawa. Na haddace jerin nan tas, kuma daga ranar na daina karanta tambaya. Abin da nake yi shi ne in bi layi da bakin biro ina tsintar lambobi da waɗannan kalmomi, kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake, sai dai ni tsakuwar nake ajiyewa in zubar da waken. Ba na ɗora wa malaminmu na wancan lokaci laifin duka; mun yi yawa a ajin ƙwarai, da yawanmu kuma Turancin tambayar ma bai gama shiga kunnenmu ba, don haka ya nemo mana hanyar da yake ganin ta fi kusa.

Akwai tambaya ɗaya da ba zan manta da ita ba, domin ta jawo mini dariyar aji gaba ɗaya. An ce shekarun wani uba sun ninka na ɗansa sau uku, kuma nan da shekara 12 shekarun uban za su zama ninki biyu na shekarun ɗan. Kowannensu shekararsa nawa yanzu? Na sa x a madadin ɗan, na sa 3x a madadin uban, na tsinci 12 na tara, na tsinci biyu na ninka, na rubuta 3x + 12 = 2x + 12. Da na warware sai x ya fito sifili, na ja masa layi biyu a ƙasa na miƙa littafina. Malam ya ɗaga littafin ya shaida wa aji cewa a lissafina uban da ɗan duk yau da safe aka haife su. Abin da ya kamata in rubuta shi ne 3x + 12 = 2(x + 12), domin shekarun da yaron zai kai bayan shekara 12 ɗin ne ake ninkawa gaba ɗayansu; daga nan yaro ya fito da 12, uba 36, idan lokacin ya cika kuma su zama 24 da 48. Baka biyun nan da na bari ba mantuwar alƙalami ba ce. Ko sau ɗaya ban hango wani yaro yana girma a gaban ubansa ba, haruffa da lambobi kawai na gani na jera su yadda suka zo.

Bayan faɗuwa ta biyu na koma shago. Wata ranar Litinin da hantsi aka aiko wa Baba daga ƙauye cewa wakilinsa ya ɗoro masa buhu 10 a mota, gero da dawa a haɗe, kuma kuɗinsu duka ya kama naira 28,000. Ɗan saƙon ya manta nawa ne gero nawa ne dawa, ga shi akwai mai jiran gero a zaune a kan benci. Farashin makon sananne ne, buhun gero naira 3,000, na dawa 2,500. Baba ya juyo ya ce, "To, ɗan boko, gero nawa ke tafe?" Na ɗauko takarda na fara raba 28,000 da 10, sannan na raba ta da 3,000, sannan na tara farashin biyu na sake rabawa, abin da ya fito a biyun ƙarshe sai ya zo da ɓarɓashi, buhu tara da ɗoriya ko biyar da 'yan kai. Baba bai ko ajiye carbinsa ba. Ya ce, "Ka ɗauka dukansu dawa ce, ka ga dubu ashirin da biyar ke nan. Saura dubu uku ba su da uba. Duk buhun da ya tashi daga dawa ya koma gero ɗari biyar yake ƙarawa. Ɗari biyar nawa ke cikin dubu uku?" Na ce shida. Ya ce wa mai jira gero shida ne ke hanya, dawa huɗu. Da la'asar mota ta iso, aka sauke haka. Da muka zo rufe shago ya ce mini, ba cikin faɗa ba, "Kai ba ka sauraron magana, lamba kawai kake jira ka ji." Na ji zafin maganar, amma ban gane ta ba a lokacin.

Baba ya rasu a daminar 2003 bayan gajeruwar jinya. Da Inna ta fita takaba, wato bayan wata huɗu da kwana goma, aka kira malamin unguwarmu, aminin Baba ne tun ƙuruciya kuma shi ake nema idan za a raba gado a wajenmu. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, Baffa yana nan, Kawu yana nan, ni da ƙanena muna gefe, Inna da 'yan'uwana mata uku suna daga cikin gida suna ji. Na zo da biro da takarda da 'yar kalkuleta, domin ni ne mai boko a gidan.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne an kusa cinye awa guda Malam bai nemi a faɗa masa ko lamba ɗaya ba. Ya tambaya ko iyayen mamaci suna raye, aka ce duk sun riga shi. Ya tambaya ko akwai wata mata bayan Inna, ko wadda aka saki ba ta gama idda ba, ko akwai ciki da ake jira. Ya tambayi abin da aka kashe a likkafani da sauran hidimar jana'iza, ya tambayi bashin da ake bin mamaci da wanda yake bin mutane, ya tambaya ko a cikin buhunan da ke shago akwai na ajiyar wani, ya kuma tambaya ko an bar wasiyya, yana tuna mana cewa ba ta wuce sulusi. Sai da ya tabbatar magada shida ne, mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, 'ya'ya mata uku, sannan ya ce a faɗi abin da ya rage bayan an fitar da duk abin da ake fitarwa. Gida da shago da hatsi da 'yan dabbobi, bisa ƙimar da masu sani suka yi musu, suka tsaya a kan naira 800,000.

Ina jin lambar na fara danna kalkuleta. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, dakata. Me muke nema?" Na ce, "Allah gafarta Malam, rabon kowa." Ya ce, "Wannan ai tambaya shida ce. Wane rabo ne guda ɗaya wanda idan ka san shi ka san saura?" Na yi shiru, can na ce rabon 'ya mace ɗaya, tunda namiji rabon mata biyu yake ɗauka kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, Inna kuma tumuninta sananne ne tunda akwai 'ya'ya. Ya ce madalla, in riƙe wannan rabo a zuciyata ko da ban san yawansa ba, in ba shi suna, in yi ta magana da shi kamar na san shi. Sannan ya faɗi maganar da ta canza mini rayuwa, ko da yake shi a wajensa bayanin rabon gado kawai yake yi. Ya ce, "Dukiyar nan ɗaya ce, amma sau biyu za mu faɗe ta. Mun faɗe ta a dunƙule, dubu ɗari takwas. Yanzu ka faɗe ta a rarrabe, hannun wane kaza, hannun wance kaza. Idan faɗa biyun nan suka zo ɗaya, an yi adalci. Idan suka saɓa, akwai haƙƙin wani a hannun wani."

Shi ta hanyarsa ya bi, ya ce asalin mas'alar takwas ne, Inna ta ɗauki ɗaya, bakwai suka rage, maza biyu huɗu, mata uku uku, bakwai cif. Ni kuma a kan takardar da ke cinyata hannuna ya rubuta 100,000 + 2(2x) + 3x = 800,000, a samanta kuma, ba tare da kowa ya sa ni ba, na rubuta da Hausa cewa x shi ne yawan nairorin da 'ya mace ɗaya za ta samu. Kowace mace ta tashi da 100,000, kowane namiji 200,000, Inna 100,000. Wannan ita ce jimlar daidaito ta farko da na gina da kaina tun daga tushe ina sane da abin da kowane ɓangarenta yake nufi, har baka biyun da suka taɓa kunyata ni na san dalilin zamansu a wurin, wato maza biyu ne, kowannensu da rabo biyu. Na gina ta ne a kan gadon mahaifina, ina hawaye.

A daren nan na zaro tsofaffin takardun jarrabawa daga ƙarƙashin katifa. Duk tambayar labari da na ɗauka sai in kife biro tukuna, in karanta ta har ƙarshe, in sake ba kaina labarin da Hausa da ƙarfi kamar ina gaya wa Inna, sannan in yi wa kaina tambayoyin Malam guda biyu: wane abu ɗaya ne idan na san shi na san saura, kuma mene ne aka faɗa sau biyu? Sai na tarar babu tambayar da ba ta ɓoye irin wannan abu. A tambayar uba da ɗa, shekarun uban na gaba ne aka faɗa sau biyu, sau ɗaya a matsayin shekarunsa na yau da ƙarin 12, sau ɗaya a matsayin ninkin na ɗansa. A tambayar motoci biyu da suka taso daga garuruwa biyu suka haɗu a hanya, nisan da ke tsakanin garuruwan ne aka faɗa a dunƙule, aka kuma faɗe shi a matsayin abin da kowace mota ta ci. A tambayar ciniki, kuɗin sayarwa ne, ga shi a lamba, ga shi kuma a matsayin uwar kuɗi da riba. Da zarar na gano wannan abu, alamar daidai ta sami mazauninta, sauran aikin kuma cike gefe biyu ne kawai.

Mayar da tambaya zuwa Hausa ya warkar mini da wata cuta da jerin kalmomin nan ya sa mini. Bature idan zai ce an rage biyu daga ashirin ta hanyar kwatance, biyun yake fara ambata, sannan kalmar ragi, sannan ashirin, ni kuma da nake bin kalmomi yadda suka zo sai in rubuta 2 − 20, ko 5 − x a inda ake son x − 5. Bahaushe kuwa cewa yake yi ashirin ba biyu, ɗari ba biyar, ƙarfe uku saura kwata: babban a gaba, abin da aka cire a baya, daidai yadda ake rubuta shi da alama. Tun ina yaro nake faɗar haka a shago, ban taɓa sanin cewa harshena ya riga ya jera mini lissafin ba. Haka nan idan muka ce a ba yara biyar goro uku-uku, ninkawa muka faɗa ba tare da mun kira sunanta ba.

Sai dai kada a ɗauka Hausa ba ta da nata ramukan. Ya fi shi da uku daban, ya ninka shi sau uku daban; na farko x + 3 ne, na biyu 3x, amma a bakin mutane za ka ji an cakuɗa su an ce ya fi shi sau uku, kai mai rubutu sai ka tsaya ka tambaya. Ramin da ya fi zurfi kuwa babu harshen da ya tsira daga gare shi. A ce awakin wani gida sun ninka tumakinsa sau huɗu, a ce ka rubuta wannan da harafin a da harafin t. Hannu yana saurin rubuta 4a = t, domin kunne ya ji awaki tare da huɗu. Gwada da lamba ka gani: idan tumaki 5 ne awaki 20 ne, huɗu sau 20 kuwa 80 ne, ba 5 ba. Daidai shi ne a = 4t. Tushen kuskuren shi ne ɗaukar harafi a matsayin sunan dabba, alhali harafin yawan dabbar yake wakilta. Daga baya, ina kwaleji, na karanta cewa a farkon shekarun 1980 masu bincike a Amurka sun ba ɗaliban injiniya na jami'a irin wannan tambaya, game da ɗalibai da suka ninka malamansu sau shida, kuma fiye da sulusinsu suka kasa rubuta jimlar daidai, yawancin waɗannan kuwa juya ta suka yi kamar yadda nake juyawa. Na ɗan ji sanyi a raina da na ga abin bai tsaya a kan ɗan mai hatsi na Ƙofar Guga ba.

Shi ya sa cikakkiyar jimlar nan da ake rubutawa kafin a fara, wadda ke cewa x shi ne yawan kaza, take da nauyi a wurina, kuma dole ta faɗi ma'auni. Baba har ya koma ga Allah da jaka yake lissafin manyan kuɗi, jaka ɗaya naira 200, domin asalinta fam ɗari ce, kuma da aka canza kuɗi a 1973 fam ɗaya naira biyu ya zama. Abokan cinikinsa da ke zuwa daga Maraɗi ta Jibiya kuma da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar. Wanda ya rubuta gefe ɗaya na jimlarsa da jaka, ɗaya gefen da naira, ko gefe ɗaya da buhu, ɗaya da tiya, ya faɗi abu biyu ne daban-daban ya sa alamar daidai a tsakaninsu, ita kuwa alamar ba ta da bakin da za ta yi masa gardama.

Wata rana, ina cikin wannan bita, na tuna da motar gero da dawa. Na rubuta cewa g yawan buhunan gero ne, d yawan na dawa. Kayan an faɗe su sau biyu, a dunƙule 10, a rarrabe gero da dawa, don haka g + d = 10. Kuɗin ma an faɗe su sau biyu, don haka 3,000g + 2,500d = 28,000. Na maye gurbin d da 10 − g kamar yadda littafi ya koyar, na buɗe baka, sai ga 25,000 ta fito a kan takarda. Na kwashe ta daga 28,000, sai ga 3,000. Na haɗa haruffan, sai ga 500g. Na tsaya ina kallon layin ƙarshe, 500g = 3,000. Dubu ashirin da biyar ɗin Baba ce ta duk dawa, ga dubu ukun da ya ce ba su da uba, ga ɗari biyar ɗin da kowane buhu ke ƙarawa, a jere kamar yadda ya faɗe su yana jan carbi. Duk shekarun da na yi ina ganin abin da ake koya mini a aji wani ilmi ne da ya fi ƙarfin gidanmu, ashe mutumin da nake karyawa tare da shi kowace safiya yana yin sa da ka, abin da ya rage mini kawai shi ne in iya rubuta maganarsa. Na so ƙwarai a ce yana raye in nuna masa takardar nan.

A 2004 na sake zama na fito da B3, na shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina na karanta lissafi. A can na ji tarihin abin. Kalmar aljabara daga sunan littafin Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Babu x ko alamar daidai a littafin. Tambaya da amsa duk da zance ya rubuta su, abin da ba a sani ba yana kiransa shai'un, wato abu, kuma babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya yake. Alamar daidai sai a 1557 wani likita ɗan yankin Wales, Robert Recorde, ya fito da ita, layi biyu masu tsawo ɗaya, René Descartes na Faransa kuma a 1637 ya yaɗa al'adar sa x da y da z a madadin abin da ake nema. Ke nan an yi ɗaruruwan shekaru ana wannan ilmi da labari tsantsa kafin alamomin su zo su taƙaita shi, mu kuma aka fara mana da alamomin aka bar labarin a ƙarshen babi.

Na je na ba Malam wannan labari a zaurensa. Ya yi murmushi ya ce jabru ai ɗori ne, shi ya sa a babin alwala ake kiran abin da aka ɗaure karaya da shi jabira. Wanda ya mayar da abin da ya ɓalle daga wani gefe zuwa mazauninsa ɗori ya yi. Ya kuma ce kada in yi mamaki, domin ƙasar nan tamu ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a kan hatimin lambobi. Na bincika daga baya na tarar ya rubuta wannan aiki a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

A ajina yau ba na barin ɗalibi ya rubuta x sai ya faɗi labarin da bakinsa, da Hausa idan ya so, littafi a rufe. Wasu abokan aikina suna ganin ɓata lokaci ne tunda da Turanci za a yi jarrabawa, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin yaron da bai gane Turancin tambayar ba ba shi da abin da zai fassara, don haka muna komawa kan Turancin mu bi shi jimla-jimla. Jerin kalmomin nan ma ban jefar da shi ba, sai dai yana zuwa ne daga baya, bayan an fahimci zancen. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne gwaji: duk amsar da ta fito a mayar da ita cikin labarin, ba cikin jimlar da yaro ya rubuta ba, domin jimlar da aka gina a karkace za ta yarda da amsar da ta haifa.

A zangon da ya wuce na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare tambayar da na tsara daga irin cinikin Baba. Wani ya sari buhun gero 5, ya sayar da su duka naira 330,000, ya ci ribar kashi 10 cikin 100 na uwar kuɗinsa. Nawa ya sayi kowane buhu? Kusan rabin ajin suka cire kashi goma daga 330,000 suka raba biyar suka sami 59,400, wato sun ɗora ribar a kan kuɗin sayarwa. Wasu suka rubuta 5x da ushirinsa daidai da 330,000, suka sami 60,000, wadda ita ce amsar da ke cikin littafina. Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda mahaifinta ke sayar da albasa, ba ta rubuta komai ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali suna cikin uwar kuɗin, ko ba sa ciki?" Na ce tambayar ba ta faɗa ba. Ta ce to ita ba ta san abin da x ɗinta yake nufi ba tukuna, kuɗin buhu a kasuwar ƙauye ne ko kuɗinsa bayan ya iso shago. Na ce ta ɗauka ana kashe naira 2,000 a kan kowane buhu kafin ya iso, ta zo allo ta rubuta mana. Ta rubuta jimla biyu, kowace da bayanin harafinta a sama, ɗaya ta ba da 60,000, ɗaya 58,000. Na ba ta maki a kan duka biyun, da aka tashi kuma na zauna a ofis na gyara tambayar a cikin littafina.